Jan bulo ko bulon siminti: wanne mai koyo zai fara da shi?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana so ya gina ƙaramar katanga a bayan gida da hannunsa, tsawon mita 4, tsayi kamar santimita 60, kuma bai taɓa riƙe cokalin gini ba. Ya ɗauki jan bulo ne ko bulon siminti?

Malam, mu fara da lissafi. Jan bulo da aka fi sani tsawonsa milimita 215, faɗinsa kusan 102, kaurinsa 65. In ka bar milimita 10 na kwaɓi a tsakani, kowane layi zai ɗaga maka milimita 75, wato layi takwas ya kai ka santimita 60 cif. Guda 60 ke shiga murabba'in mita ɗaya, don haka katangarka za ta ci guda 144. Ka sayi kamar 155 saboda fashewa da yanka. Bulon siminti kuwa, mai inci 6 ko inci 9, tsawonsa kusan santimita 45, tsayinsa kusan 22 da rabi. Goma ke cika murabba'in mita. Layi uku na bulo tara-tara, guda 27, an gama, sai dai tsayin zai ɗan haura santimita 60. Bulo ɗaya yana rufe wurin da jan bulo shida za su rufe.

Daga nan za ka ce ai bulon siminti ya fi sauƙi. Ya fi sauri dai, amma sauƙi wani abu ne daban. Jan bulo kilo biyu zuwa uku ne: hannu ɗaya ka ɗauka, ɗaya hannun na riƙe da cokali, ka ɗora, ka danna, ka kwashe kwaɓin da ya ɓullo. Bulon inci 9 ya haura kilo 20, sai da hannu biyu, kuma da zarar ka sauke shi nauyinsa zai matse kwaɓin idan ya yi ruwa. In ya zauna a karkace ba a gyara shi da bugu. Ɗaga shi za ka yi, ka kankare kwaɓin, ka zuba sabo. Mai koyo yakan yi ta matsa bulo bayan kwaɓi ya fara kamawa, nan riƙon ya karye, daga baya tsaga ta bi ta wurin.

Inda bulon siminti ya yi wa mai koyo rangwame shi ne filasta. Haɗin da ya yi kauri, wato kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo, da gefen da ya guntule, duk filasta za ta rufe. Jan bulo ba a yi masa sutura, duk abin da hannunka ya yi a fili yake. Shi ya sa kafin ka taɓa siminti ka samo katako miƙaƙƙe, ka yi masa zane kowane milimita 75, kana auna kusurwa da shi a kowane layi. Ka jera layin farko a bushe tukuna don ka ga inda yanka zai faɗo. Ka ɗaga kusurwoyin biyu da lebur, wato ma'aunin da ke nuna ko gini ya miƙe daidai, ka ja igiya tsakaninsu, sannan ka cike tsakiya kana bin igiyar ba tare da bulon ya taɓa ta ba. In ya taɓa ta ya ture ta, katangar ta yi ciki. Wannan tsarin duka biyun yake yi wa aiki, haka ma saɓa haɗi: kowane bulo ya hau rabin na ƙasansa, kada haɗin tsaye ya faɗo kan ɗan'uwansa.

Wajen ruwa ne suka raba hanya, kuma nan ake yawan kuskure. Busasshen jan bulo a lokacin zafi yana zuƙe ruwan kwaɓi kafin siminti ya yi aikinsa, sai kwaɓin ya koma gari. Ka yayyafa masa ruwa, ka bar fuskarsa ta tsane, kada ka ɗora shi yana ɗiga, don zai yi ta zamewa ya ɓata fuskar gini. Bulon siminti kuwa kada ka jiƙa shi sharkaf, domin yana ƙanƙancewa in yana bushewa, ya ja tsaga a haɗi. Saboda wannan dalilin ne ma bulon da aka buga jiya bai dace da gini ba. A bari ya sha ruwa ya bushe sosai.

Kwaɓi: awo ɗaya na siminti da biyar na yashi ya ishi jan bulo a waje, ɗaya da shida ya ishi bulon siminti. Da bokiti ake awo, ba da shebur ba. Ƙara siminti ba ya ƙara lafiyar katanga. In kwaɓi ya fi bulo ƙarfi, bulon ne ke tsagewa. Ka kwaɓa abin da za ka ƙarar cikin awa ɗaya zuwa biyu, wanda ya fara sandarewa kuma a zubar, kada a farfaɗo da shi da ruwa. Da jan bulo za ka yi tafiyar hawainiya, don haka kwaɓinka ya zama kaɗan-kaɗan. Ka sa safar hannu, siminti yana cin fata.

Tushe ba ya canzawa: a haƙa har ƙasa mai tauri, a zuba kankare mai kaurin santimita 15, faɗinsa aƙalla ninkin kaurin katangar.

Ni a ganina, tunda sha'awar aikin ce ta kawo ka kuma katangar gajera ce, ɗauki jan bulo. Guda 144 za su koya wa hannunka abin da guda 27 ba za su koya ba, kuma kuskure a kansu ƙarami ne. Sharaɗi ɗaya: jeri ɗaya na jan bulo, wato katanga mai kaurin faɗin bulo ɗaya, kada ya wuce wannan santimita 60 ɗin sai da ginshiƙai ko a ninka kaurinsa. In kuwa katangar za ta haura mita ɗaya, ko za ta tare ƙasa a bayanta, maganar ta koma ta bulon siminti da rodi da kankare, kuma a kira birkila ya duba tushen kafin a ɗora layin farko.