Digirin Jami'a Ko Diflomar PTI: Wanne Ya Fi Ga Mai Son Aikin Gas?

Malam, ka ce ƙaninka ya gama sakandare yana son aikin gas, kana tambaya ko ya nemi jami'a ko ya tafi PTI, wato makarantar horar da ma'aikatan man fetur. Duka biyun ta JAMB ake shiga, kuma duka sai da Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Daga nan hanya ta rabu.

Jami'a shekara 5 ce in ba a yi yajin aiki ba, sai bautar ƙasa. Jami'ar Fatakwal da ta Legas suna da kwas na man fetur da gas, a Arewa kuma ATBU Bauchi na koyar da injiniyancin man fetur. Abin da zai koya lissafi ne da zane: faɗin bututu, yawan matsin da zai ɗauka, yadda ake raba ruwa da datti daga iskar gas kafin a tura ta. Mai digirin ne COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, za ta yi wa rajista a matsayin injiniya, shi ke sa hannu a kan zane. Sai dai kujerun ba su da yawa. NNPC da kamfanin gas na NLNG da ke Bonny ba kullum suke ɗaukar ma'aikata ba, in sun buɗe ƙofa kuwa dubbai ne ke tururuwa.

PTI tana Effurun kusa da Warri, tun 1973 take horar da ma'aikatan mai. Shekara 2 ƙaramar difloma, shekara 1 sanin makamar aiki, shekara 2 babbar difloma. Jimilla ɗaya ce da jami'a, amma tun bayan shekara 2 yaro yana da takarda a hannu, kuma ya taɓa ƙarfe: sarrafa gas, walda, na'urorin auna matsi, kare haɗari. Naƙasunta shi ne mai babbar difloma ba ya samun rajistar injiniya kai tsaye, sai ya ƙara karatu, kuma a aikin gwamnati har yau ana fifita mai digiri.

Abin da nake so ka duba shi ne inda aikin yake a wajenmu. Bututun gas na AKK mai kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, masu zanensa 'yan kaɗan ne. Masu walda da masu duba yoyo da masu kula da tashoshi su ne da yawa. Tun cire tallafin fetur a 2023 kuma masu mota da Keke Napep ke komawa CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya don ababen hawa, ga shagunan gas na girki a kowace unguwa. Wannan duk aikin hannu ne.

Kada hakan ya sa ku tura shi wurin bakanike ya koya da ido. Tukunyar CNG tana ɗaukar matsin bar 200 (bar ma'aunin matsi ne), ya ninka na tukunyar girki fiye da sau 10, shi ya sa ake ƙera ta ba tare da ɗinkin walda ba. A birnin Benin na jihar Edo, a Oktoban 2024, wata mota ta tarwatse a gidan sayar da CNG saboda tukunyar da aka haɗa da walda, mutane suka jikkata. Yaron da bai san bambancin tukwanen nan biyu ba, ran mutane ne a hannunsa, kuma wallahi wannan ne ya fi damuna a harkar.

In ƙanin naka gwanin lissafi ne, kuma gida zai iya ɗaukar nauyinsa shekara 6, ya tafi jami'a, ya riƙa bibiyar tallafin karatu na PTDF, asusun gwamnati na bunƙasa ilimin man fetur. In kuwa hannunsa ya fi kaifi, ko ana bukatar ya fara kawo cefane da wuri, ni PTI zan zaɓa masa, digirin ya biyo baya yana cikin aiki. Ka turo mana sakamakonsa na WAEC ko NECO mu ga abin da ya ci a Lissafi da Fiziks.