GARGAƊI: Ya karɓi kuɗin gas kilo 4 a iyakwandishan ɗin da giram 850 yake ci

Jama'a, raina a ɓace yake, kuma ba zan yi shiru ba. Kuɗin gas kilo 4 wani mai haɗa iyakwandishan ya karɓa a hannuna, kilo 2 ranar da ya haɗa, kilo 2 da ya dawo, alhali na'urar gaba ɗayanta giram 850 take ci. Giram 850. A rubuce yake a takardar da kamfani ya manna a gefen injin waje. Ko kilo 1 bai kai ba. Yanzu kwamfuresa, wato injin da ke matsa gas ɗin yana zagaya shi, ta ƙone, a sabuwar na'ura fil da na ciro daga kwali da hannuna, shi kuma ya daina ɗaga wayata.

Kafin wani ya shigo ya ce sakacina ne, ku tsaya ku ji. Ba a bakin titi na tsince shi ba. Wani da na yarda da shi ne ya haɗa mu, na ga hotunan ayyukansa, ya zo da jakar kayan aiki da geji (agogon auna matsin gas) da tsani. Da na nuna masa inda nake so a kafa injin waje, shi da kansa ya ce a'a, wurin ya matse, a bar masa sarari tsakaninsa da bango don fanka ta samu hanyar fitar da zafi. Kuma gaskiya ya faɗa, haka littafin na'urar ya ce. Wanda ya fara maka da gaskiya irin wannan, ta ina za ka zarge shi?

Ga wurin da nake ta juyawa a raina har barci ya gagare ni. Ya gama ɗaura bututun jan ƙarfe guda biyu, siriri da mai kauri, ya ɗauko geji ya jona a bakin bawul ɗin injin waje, ya kira ni. Ya ce, "Yallaɓai, zo ka gani da idonka, kada ka ce na faɗa maka ne kawai." Na sunkuya na duba. Allurar tana kwance a kan sifiri. Ya ce, "Ka gani? Babu komai a ciki. Yanzu haka kamfanoni suke turo su, wayam." Da idona na ga allurar nan, a kan sifiri take. Wa zai ga haka ya yi gardama? Shi ya kira ni, ba ni na nemi ya nuna min ba. Zo ka gani da idonka. Wannan maganar ita ke ƙona min rai fiye da kuɗin.

Sai daga baya wani mai gyaran ya warware min dabarar. Injin waje yana fitowa daga masana'anta da gas ɗinsa a cike, a kulle bayan bawul biyu da ake buɗewa da alanki. Muddin bawul ɗin nan suna rufe, bakin da ake jona geji ba cikin injin yake aunawa ba, bututun da aka ɗaura yanzu yake aunawa, wanda babu komai a cikinsa sai iska. Dole allura ta nuna sifiri. Ko wace sabuwar na'ura aka yi wa haka, sifiri za ta nuna. Ya san da haka sarai. Gas ɗina yana ciki, giram 850 cif, ya sa na biya kuɗin kilo 2.

Na ma tsallake wani abu. Tun kafin maganar geji, na tambaye shi ko ba zai zuƙe iskar cikin bututun ba, don na ga hoton injin zuƙe iska a littafin. Ya yi murmushi ya ce wannan na manyan injinan kamfanoni ne, na gida gas ɗin da kansa yake koro iskar. Kun ga dai na tambaya. Ba zaune na yi na zuba ido ba. Daga baya ya sassauta noti ɗaya, na ji wani abu ya yi tsiii na ɗan lokaci, ya ɗaure, ya ce shi ke nan. Ashe wannan matakin da ya tsallake shi ne zuciyar aikin. Ana jona injin zuƙe iska a janye iska da laima daga bututu da na'urar ciki, masu aikin kirki sukan kai shi maikuron 500 a ma'aunin ragowar iska, su kashe injin su jira su ga ko allura za ta motsa. In ta motsa, akwai yoyo ko sauran laima. Sai bayan haka ake buɗe bawul a saki gas. Laimar da aka bari a ciki tana haɗuwa da man kwamfuresa, musamman irin man da ke cikin na'urori masu gas ɗin R410A, man da ke saurin shan ruwa, ta zama asid, ta riƙa cin wayoyin cikin kwamfuresa a hankali.

To, na'ura ta yi sanyi da farko, ban musa ba. Ba a daɗe ba sanyin ya fara ja da baya, ƙanƙara ta fito a kan siririn bututun, wurin notin kuma ya yi maiƙo. Na kira shi, ya zo da sauri, har na ji daɗin yadda ya amsa kira. Ya ce gas ne ya ƙare, wai zafi ke shanye shi. Kilo 2 kuma. Na ce masa kilo 2 na wancan karon fa? Ya ce, "Yallaɓai, sabon inji haka yake, sai ya sha ya ƙoshi tukuna." Na biya. Kilo 2 da kilo 2, kilo 4 ke nan, a cikin abin da giram 850 ke cika shi.

Gas ɗin iyakwandishan ba ya ƙarewa. Kamar jini yake a jiki, zagaye kawai yake yi, in ya ragu to akwai inda yake zuba. Nawa a bakin bututun yake zuba, inda ya buɗa bakin jan ƙarfen a karkace har ya tsage, ya danne shi da noti. Maiƙon nan da na gani man kwamfuresa ne ke biyo gas yana fita. Bai gwada yoyo da iskar naitirojin ba, ko kumfar sabulu bai shafa a mahaɗar ba. Ya bar yoyon yadda yake don ya san zan sake kiran sa.

Kuma ban taɓa ganin sikeli a hannunsa ba, ko a zuwan farko ko a na biyu. Da nauyi ake zuba gas, a ɗora silinda a kan sikeli a ga giram nawa ya shiga. Ƙari ma ba a yin sa a sabuwar na'ura sai in bututun ya wuce tsawon da kamfani ya ƙayyade, yawanci wajen mita 5 zuwa 7.5, kuma littafin ya faɗi giram nawa za a ƙara wa kowace mita. Bututuna bai kai mita 4 ba. Mai gyaran na biyu ya ce da kilo 2 ɗin nan ya shiga da gaske a kan wanda ke ciki, da tun ranar na'urar ta nuna matsala. Ma'ana kuɗin ya karɓa, gas ɗin bai zuba ba, sai ɗan abin da zai sa na ji ƙara.

Abin da ya zuba a dawowarsa kuwa ya fi muni. Ina da hoton da na ɗauka ranar, ba don zargi ba, don in tura wa iyalina su ga ana gyara. Silindar tana ciki, koriya, an rubuta R22 ɓaro-ɓaro. Takardar injina R410A ta ce. Ba a haɗa su, ƙarfin matsinsu ba ɗaya ba ne, man da kowanne ke tafiya da shi ma daban ne. R22 tsohon gas ne da duniya ke janyewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana lalata ozon, rigar sama da ke kare mu daga mugun hasken rana. Shi ya ɗura min a sabuwar na'ura, ga laima a ciki, ga yoyo. Inda na saya sun duba sun ce garanti bai shafi ɓarnar mai haɗawa ba.

Wasu sun ce me ya sa ban karanta takardar gefen injin ba. Injin yana sama a kan ƙarfensa, takardar tana fuskantar bango, kuma an nuna min geji a kan sifiri. Mutum ya kira ka ya ce zo ka gani da idonka, ka gani, me ya rage? Ni ba aikina ba ne, shi ya sa na biya wanda ya ce aikinsa ne. Kunya nake ji in tuna har godiya na yi masa da ya gano min wai injin wayam yake.

Hotunan hirarmu suna nan, da shaidar tura kuɗin gas sau biyun, da hoton silindar, da na takardar mai giram 850. Zan ɗora su duka in na rufe lambobi da sunaye. Saƙon muryarsa ma yana nan, inda yake cewa inji sai ya sha ya ƙoshi.

Ku karanta takardar injin waje kafin a ɗaga shi sama. Wanda ya zo babu injin zuƙe iska da sikeli, ku sallame shi. Wanda ya ce gas ya ƙare, ya fara nuna muku inda yake yoyo.

In akwai wanda aka yi wa wannan wasan na geji a kan sifiri, ya yi min magana, ina tattara shaidu ne don in kai ƙara.