Harpic da tabon kwanon masai a Damagaram: inda yake ci da inda yake gazawa

Mafi yawan tabon da ke kafewa a kwanon masai a gidajen Damagaram ba sabulu ke fitar da shi ba. Ɓawo ne na gishirin ruwa da na fitsari da suka daskare a jikin tangaran. Ƙarancin ruwan garin nan shi ke ƙara masa ƙarfi. Kwanon zama yana buƙatar lita 6 zuwa 9 kafin ruwan da ke kwance a wuyansa ya sauya gaba ɗaya, amma gidan da ke sayen ruwa wurin 'yan garuwa buta guda ake zubawa a tashi. Fitsarin ya kwana a wuyan, zafi ya ƙone ruwan, sai zobe ruwan ƙasa ya fito daidai bakin ruwa.

Irin wannan ɓawo asid kaɗai ke narkar da shi, kuma a kan haka na auna maganin wanke masai Harpic Power Plus. Ƙarfinsa daga asid ɗin da Faransawa ke rubutawa acide chlorhydrique ne, wajen kashi 10 cikin 100. A duba bayan kwalba kafin a biya kuɗi, ko a Kasuwar Dole ko a kantin unguwa, domin akwai wani Harpic ɗin mai jabel (ruwan nan mai farar da tufafi) a ciki, wanda aikinsa daban ne.

Hukuncina: a kan tabon wata biyu ko uku yana da kyau ƙwarai. A kan ɓawon shekaru, wanda idan ka ƙwanƙwasa da farce kake jin kaurinsa, zubi ɗaya ba ya isa, kuma wanda ya saya da wannan fata zai ce an cuce shi. Abin da na fi yaba masa shi ne kauri. Yana manne wa bango, lanƙwasasshen bakin kwalbar kuma yana kai shi ƙarƙashin leɓen kwano, inda ido ba ya gani amma wari daga can yake fitowa.

Inda ake asarar magani shi ne a tsiyaya shi cikin ruwan da ke kwance. Nan take ya tsinke, ƙarfinsa ya tafi. Sai a fara rage ruwan: a rufe famfon da ke ba tanki ruwa, a tura buroshi cikin wuyan da ƙarfi sau da yawa, ragowar a kwashe da gwangwani ko soso har zoben ya fito fili. Sannan a zagaya maganin daga sama, a shafa shi da buroshi ya rufe tabon, a bar shi minti 20 zuwa 30. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin minti goma ya bushe a bango, asid kuwa in ya bushe ya daina ci. Dabarar ita ce a shimfiɗa tsumma ko takarda mai laushi a kan tabon, a jiƙa ta da maganin, ko a bari sai dare. Alamar yana aiki ita ce ƙananan kumfa a kan ɓawon, bayan haka gefensa ya fara ɓanɓarewa da buroshi. Tsohon ɓawo sai an maimaita sau biyu ko uku. Tsumman a cire shi da safar hannu a jefar, kada a tura shi cikin bututu.

Jabel fa? Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana dishe launi, amma ɓawon yana nan daram, fari kawai ya yi, cikin 'yan kwanaki ya sake ɗaukar datti. A kan tsatsa ma ƙara mata duhu yake yi. Babban haɗari kuma shi ne haɗa shi da Harpic ko da binegar: iskar kulorin ke tashi, mai ƙona ido da maƙogwaro da huhu, a ɗan ɗakin da sau da yawa taga ɗaya ce ƙarama. Wanda ya riga ya zuba jabel ya wanke da ruwa mai yawa, ya bar asid sai gobe. Ƙofa a buɗe, yara a nesa.

Wanda ba ya son asid mai ƙarfi, farin binegar na kashi 5 zuwa 8 cikin 100 yana aiki, sai dai a hankali: kofi biyu a wuyan da aka kwashe wa ruwa, ya kwana. Masu haɗa shi da bikarbonat (farin garin soda na girki) suna ganin kumfa su ɗauka ƙarfi ne, alhali ɗaya ya kashe ɗaya. Ɗanyen asid na kantin kayan gini kuwa, wanda masu sa tayil ke goge siminti da shi, ya ninka Harpic ƙarfi sau biyu zuwa uku. Ba na ba matan gida shawararsa. Tururinsa kaɗai yana sa ƙarfen murfi da famfo tsatsa.

Shi ma Harpic ba kowane wuri ake zuba shi ba. Yana cin simintin da ke tsakanin tayil, don haka a kwanon tsuguno a tsaya a kan tangaran. Daɓen salga na siminti kuwa bai dace da shi ba sam. Gidan da ke da ramin masai na rufe ya taƙaita, sau ɗaya a mako ya isa, saboda asid mai yawa yana kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta a ramin.

Soson ƙarfe da wuƙa da yashi suna karce sheƙin tangaran, kuma kwanon da ya karce ya fi saurin kama tabo har abada. Tafasasshen ruwa yana iya tsaga shi. Idan kuwa tabon layi ne ja mai gangarowa daga sama a wuri guda, a ɗaga murfin tanki a duba: ko robar toshiya ta saki ruwa yana ɗiga, ko kusoshin ciki sun yi tsatsa. Mai gyaran famfo ya canza su tukuna, in ba haka ba layin zai dawo ko an zuba kwalba guda.