PubMed da aikin ɗalibaina kan cutar sikila

Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a nan Gombe. Bana ɗalibaina na ajin ƙarshe sun zaɓi yin aikinsu kan sikila da gwajin jini kafin aure, sai na ɗora su a kan PubMed, rumbun binciken lafiya na gwamnatin Amurka da aka buɗe wa kowa kyauta tun 1997. Ba rajista, ba biyan ko sisi, kuma da yake rubutu ne zalla, ba ya cinye data.

Abin da ya sa na yarda da shi: takardun suna ɗauke da sunayen masu binciken da shekara, da yawa kuma suna faɗin inda aka yi aikin da yawan mutanen da aka gwada. Yaranmu sun saba kwaso magana daga WhatsApp ba tare da tambayar mai ita ba. Da yawansu sun zo da imanin cewa idan AS ya auri AS, ɗa na huɗu ne kawai zai zo da SS. Sai da suka karanta yadda ake gadon ƙwayar halittar HBB, wadda sikila ke fitowa daga gare ta, daga uwa da uba, suka gane cewa yiwuwar zuwa da SS, kashi 25 cikin 100, a kan kowane ciki take. Ɗan fari na iya zuwa da ita, na biyu ma haka. Wallahi ko wannan kaɗai ya ishe ni, domin waɗannan yaran gobe su ne masu aure.

Amma akwai wahala. Turancin likitoci ne tsantsa, dole malami ya zauna da su a warware sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Takardu da yawa taƙaitawarsu kawai ake gani, sai an danna "Free full text" sannan a tace waɗanda za su buɗe gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarancin namu. Ka rubuta "sickle cell Nigeria", sakamako ya cika shafuka. Ka ƙara "Gombe", sai ya ragu ƙwarai. Mun cike giɓin da AJOL, mai tattara mujallun Afirka, da rahoton NDHS na 2018, binciken lafiyar al'ummar Najeriya, wanda ya gwada jinin yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya samu kusan kashi 20 cikin 100 AS ne. Da wannan adadin ɗaliban suka buɗe babinsu na farko.