Ruwan khal da rigar ruwa: abin da na gani a wani otal a Langkawi

Tun da uwargida ta ɗora hotunan nan a WhatsApp saƙonni ba su yanke ba daga gida. Wannan ya tambayi nawa ne kwana, wancan ya tambayi ta ina ake bi, gwaggonmu ta Mabera kuwa so take ta ji ko shuɗin ruwan nan na gaske ne. Na gaske ne, Gwaggo. Farin rairayin ma haka yake, da itatuwan kwakwar da suka sunkuyo kan ruwa. Hoto ya riga ya gama wannan bayani, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Langkawi tarin tsibirai ne, 99 a ƙidayar da aka saba, a tekun Andaman, cikin jihar Kedah da ke arewacin Maleshiya, daf da iyakar Tailan. Mu da ke zaune a Kedah mota muke shiga zuwa Kuala Perlis, daga nan jirgin ruwa ya kai mu garin Kuah cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Mai tasowa daga Kuala Lumpur kuwa awa ɗaya ce a jirgin sama. Kafin 1987 wurin masunta ne da manoman shinkafa. A shekarar ce gwamnatin Mahathir Mohamad, wanda shi kansa ɗan Kedah ne, ta ɗauke wa tsibirin harajin kaya don jawo baƙi, otal-otal suka biyo baya. A 2007 kuma ya shiga jerin wuraren da UNESCO ke girmamawa saboda tsufan duwatsunsa.

Otal ɗin da muka sauka irin na 'yan gayu ne. Ba bene ɗaya ba ne mai ɗakuna a jere. Ɗakunan katako ne ɗai-ɗai a kan ƙafafu, masu rufi mai tsini irin na gidajen Malayawa na da, an watsa su cikin kurmi, 'yan motocin lantarki marasa ƙara suna kai mutane suna ɗaukowa. Tafkin wankan an gina bakinsa daidai da fuskar teku, idan kana ciki ba ka gane inda ya ƙare. Yana da kyau ƙwarai, ba na musu. Sai dai wanda ya zana ɗakin bai yi tunanin mai iyali ba. Bangon da ya raba makewayi da gado gilashi ne fes, labule ne kawai ke sutura, bahon wanka kuma a waje yake bayan ɗaki, bishiyoyi ne katangarsa. Fitilun duk rawaya ne masu dushi, an ce don kwanciyar hankali, bayan sallar asuba ba ka iya karanta Alƙur'ani sai ka fita baranda. Barandar kuma ta birai ce. Ka bar ƙofa a buɗe su shigo su kwashe sukari da biskit, an ma rubuta gargaɗi a jikin gilashi. Kayan da ka wanke ba sa bushewa saboda damshin iska. Zafin gida na watan Afrilu ya fi wannan nesa ba kusa ba, amma shi busasshe ne, ka shanya riga kafin ka idar da azahar ta bushe.

A gefe guda kuma, ka ɗaga kai ka ga kibiya a jikin silin tana nuna alƙibla. Sallaya na cikin durowa a ninke, da tsafta. Makewayi akwai 'yar tiyo ta tsarki, ba sai ka nemi buta ba. Takardar shaidar halal ta JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta Maleshiya, na rataye a ƙofar kicin. Wannan ya sosa min rai, domin mu ne ke kiran garinmu Birnin Shehu, amma baƙo ya sauka a masauki a wurinmu sai ya leƙa waje ya tambayi maigadi ina gabas.

A wajen karɓar baƙi an ba mu tawul mai sanyi da ruwan lemo, ana murmushi, har na miƙa koren fasfo. Yarinyar ta juya shi ta sake juyawa, ta shiga ciki ta fito da wani babba, aka duba katin bankina aka sake dubawa, aka riƙe kuɗin jingina. Baturen da ke gefena har ya karɓi makulli ya tafi. Duk ɗan Najeriya da ke ƙasar nan ya san wannan kallo, kuma ya san waɗanda suka jawo mana shi. Na haɗiye, amma a raina na riga na yanke cewa ba zan yabi wurin nan ba.

Washegari da hantsi muna bakin teku, 'yata ƙarama tana wasa inda ruwa bai wuce gwiwarta ba, sai ta kwarma ihu: "Baba! Baba, ƙafata!" Na ɗauko ta, sai ga jajayen layuka daga idon sawu zuwa cinya kamar an zane ta da dorina. Wata halittar teku ce ta harbe ta, mai siffar lema, jikinta ruwa-ruwa, tana jan zaruruwa masu dafi, mutanen nan na ce mata obor-obor. A cikinsu akwai mai kisa. Uwargida ta rikice, ta ɗebi yashi za ta goge wurin, wani mutum daga nesa yana miƙo ruwan gora.

Kafin hannunta ya sauka wani saurayi mai jar riga ya iso a guje, ya tare ta da girmamawa ya ce kada a murza, kada kuma a zuba ruwan sha, duk suna ƙara fashe dafin da ya maƙale a fata. A hannunsa akwai kwalbar ruwan khal. Ya dinga kwarara shi a kan ƙafar yana kallon agogo har ya wuce rabin minti, sannan ya sa safar hannu ya tsince zaruruwan da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Yana yi yana tambayarta da lallashi ko numfashinta na fita sosai, ko ƙirjinta na ciwo. Abokin aikinsa ya riga ya yi magana a rediyon hannu. Motar lantarki ta iso har kan yashi, ma'aikaciyar jinyar otal ta auna bugun zuciyarta, ta ce ba mai kisan ba ce amma sai likita ya gani. Motar otal ta kai mu asibiti a gari, direban ya zauna yana jiranmu har muka fito. A duk wannan ba wanda ya tambaye ni lambar ɗaki, ba wanda ya ce in fara ajiye wani abu, ba wanda ya ce a jira oga ya dawo daga masallaci ya sa hannu. Ni ne mai koren fasfon jiya, kuma ba wanda ya tuna da launinsa.

Da yamma, bayan yarinya ta samu barci, na koma bakin ruwan don in ga daga ina khal ɗin ya fito. A jikin wani turke akwai ɗan akwatin katako ba kwaɗo, a ciki kwalabe biyu, safar hannu, hantsaki, da takarda mai hoto tana nuna abin da za a yi da abin da ba za a yi ba. Gaba kaɗan akwai wani turken irinsa. A murfin akwatin an liƙa takarda, kowace safiya wani yana dubawa ya sa hannu da kwanan wata. Na bi layin da yatsa, ban ga ranar da aka tsallake ba. Tutar bakin ruwan kuma an sauya ta, an hana shiga sai an zagaya da kwalekwale an duba. Saurayin na nan, na yi masa godiya, na miƙa masa abin hasafi. Ya dafa ƙirji ya ƙi karɓa, ya ce aikinsa ne, yanzu ma sallar la'asar zai je wani ya karɓe shi. Musulmi ne ɗan ƙauyen nan cikin tsibirin, iyayensa masunta. Da daddare manaja ya bugo waya ɗaki yana tambayar jikin yarinya, da safe ma'aikaciyar jinyar ta zo da kanta ta duba ƙafar.

'Yan uwa, nawa ne kwalbar khal? A Kasuwar Shehu Shagari ma akwai shi, matanmu na sayensa. Abin da ya ceci ƙafar 'yata ba ya cikin abubuwan da suka sa ɗakin ya yi tsada. Wani ne ya zauna tun kafin mu zo ya ce wata rana wannan halitta za ta harbi ɗan wani, me za mu yi ranar, wa zai ruga, wa zai kira mota, wa zai tabbatar kwalba ba ta ƙare ba. Sannan aka ɗora wa mutum ɗaya alhakin dubawa, yana kuma dubawa ko ana kallonsa ko ba a kallonsa.

Daga baya muka je yawon kwalekwale a kogin Kilim, inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, gaggafa na shawagi a sama. Mai jirgin bai tayar da inji ba sai da kowa ya sa rigar ruwa, har da ta yara daidai jikinsu. Wani baƙo ya ce shi ya iya iyo. Mai jirgin bai yi gardama ba, ya zauna ya naɗe hannu, sai da mutumin ya sa. An ƙidaya mu wajen shiga, an rubuta, an ƙidaya mu wajen fita.

A nan hankalina ya tafi gida, kuma ban more sauran yawon ba. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, jirgin ruwa ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa. Ba shi ne na farko ba, kuma bayansa an yi wasu, a Shagari da Goronyo da sauran wuraren da mutanenmu ke tsallaka ruwa zuwa gona ko kasuwa. Kowa ya san yadda ake lodin: mutane, babura, buhunan albasa, awaki, har bakin jirgi ya kusa shan ruwa. Ka yi magana a ce "mi na naka ciki?" Idan abin ya faru manya su zo ta'aziyya, a raba shinkafa, a ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, ba mai musunta. Amma mutanen Kedah ma sun yi imani da ita, Juma'a ce ma ranar hutun aikinsu, kuma imanin bai hana su sa wa yaro rigar ruwa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da duk nauyin daula a kansa, ya zauna ya rubuta littattafai kan cututtuka da magungunansu. Daga ina muka samo cewa yin tanadi raunin tawakkali ne? Ko ranar da aka raba rigunan, sai ka tarar an kai su ɗaki an kulle, ko an mayar da su matashin kai, ba kuma wanda aka ɗora wa alhakin hana jirgi tashi.

Haka masaukanmu. Za a kashe miliyoyi a sa tayil mai ƙyalli da ƙatuwar fitila a falo, a gayyaci gwamna ya yanka zare. Bayan damina biyu famfo na zuba, an ɗaure shi da roba, na'urar sanyaya ɗaki na gurnani ba sanyi, tukunyar kashe gobara ta shekara ba a taɓa ta ba. Ka yi ƙorafi a ce ka yi haƙuri, kuma da gaske ake ba ka haƙurin, da fara'a da ladabi, amma famfon na nan yana zuba. Muna da tafkin Kware, muna da madatsar ruwan Goronyo, ga Hubbare da baƙi ke zuwa ziyara daga ƙasashe, ga fatar jar akuyarmu da duniya ta sani. Abin nunawa ba mu rasa ba.

Duk da haka kada ku ɗauka a can na so in tabbata. Wajen kalaci an jera abinci ya fi kala talatin, amma komai da madarar kwakwa da sukari, har yajinsu zaƙi-zaƙi ne. Shinkafar da suke ce wa nasi lemak na ci don dole, gurasar roti canai da shayinsu mai kumfa ne kawai suka shiga. Na zauna gaban wannan tarin abinci ina tunanin fura da nono mai sanyi a ƙwarya, da tuwon shinkafa da miyar kuka da man shanu. Gaisuwarsu ma koyarwa aka yi, kowa kalma ɗaya da dafa ƙirji iri ɗaya. Ba mai tsayawa ya tambaye ka gida da iyali da gajiya har sai ka gaji da amsawa. Idan rana ta faɗi kuma dole mu tattara yara mu koma ɗaki, domin giya a tsibirin araha ce saboda rashin haraji, baƙi kuma na yawo a bakin tafki da suturar da ba zan so yarana su saba gani ba. Mai zuwa da iyali ya nemi ɗaki nesa da mashaya tun wajen yin rajista, ya kuma guji watan Satumba da Oktoba, lokacin da ruwan sama ya fi yawa teku ke gurɓacewa.

Ranar tafiya na karɓi takardar kuɗi na bi ta layi-layi. Akwai harajin baƙi na ringit 10 a kowane dare, wanda aka fara karɓa daga baƙi 'yan ƙasashen waje a 2017, takardar aikina ba ta tsirar da ni ba. Akwai kashi 10 cikin ɗari na hidima a kan duk abin da muka ci. Motar asibiti da ma'aikaciyar jinya da khal ba su cikin lissafin, ko sisi. Kuɗin jingina ya dawo cif. Amma gorunan ruwan da yara suka ɗauka a firijin ɗaki an caje mu kowace ninkin-ba-ninkin abin da ake sayar da ita a shagunan Pantai Cenang, wata unguwar bakin teku a tsibirin. Wannan kam na yi magana, aka saurare ni da ladabi, ba a rage ba. Ku sayi katan ɗin ruwanku tun a Kuah kafin ku shiga motar otal.