Laifi a cikin jiha: 'yan sandan tarayya ko na jiha?

Ana yawan tambayata wanne ya fi. A Najeriya, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda ɗaya tak. A Amurka kuwa, kisa da sata galibi hurumin jiha ne, FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, kan shigo idan an karya dokar tarayya.

Ɗan sandan jiha ya san lungu da yaren jama'a, yana isowa da wuri. Fargabata ita ce gwamna ya mayar da shi bulalar dukan 'yan adawa, ga kuma nauyin albashi. Na tarayya ya fi kayan bincike, sai dai umarninsa daga nesa yake zuwa.

Jiha mai kuɗi da kotuna masu 'yanci, nata ya dace da ita. Inda masu laifi ke tsallaka iyakoki, na tarayya ya dace.