Yadda wani kamfanin dillancin gidaje ya bi da ni da na fasa haya kafin in tare

Na sa hannu a yarjejeniyar hayar shekara 1 ta hannun wani kamfanin dillancin gidaje, na biya kafin alƙalami da la'ada da kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna, sai ga shi saura kwana 12 in tare aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani gari. Na ɗauka tunda ban karɓi mabuɗi ba, ko tsinke ban ajiye a gidan ba, kiran waya ɗaya ya isa in janye. Ma'aikaciyar da na tarar a ofishinsu ta buɗe takardar, ta ɗora yatsa a kan sa hannuna, ta bayyana mini cikin natsuwa cewa yarjejeniya tana hawa kan mutum ne daga ranar da ɓangarorin biyu suka rattaba hannu, ba daga ranar tarewa ba, saboda haka mai gida yana da hurumin neman kuɗin haya a wurina har a sami wanda zai maye gurbina.

Na yaba da abin da suka yi daga nan. A ranar suka mayar da tallar gidan a intanet, suka riƙa kai masu nema suna dubawa, kuma cikin kwana 19 aka sami sabon ɗan haya, sai ya zama hayar kwana 7 da gidan ya yi a rufe kaɗai na biya. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne takardar warware yarjejeniya da suka rubuta, mai gida ya sa mata hannu, domin yafewar baki ba ta kare mutum idan magana ta tashi daga baya.

Sai dai ina ganin laifinsu a ranar sa hannu. Takardar ba ta ƙunshi sharaɗin janyewa ba, kuma babu wanda ya ja hankalina a kan hakan, sai gaggauta ni da aka yi da cewa wasu ma suna neman gidan. La'ada ta tafi, wanda ban yi jayayya a kai ba tunda sun yi aikinsu. Kuɗin ajiya kuwa, duk da cewa babu ɓarnar da za a cire, sai da na tuntuɓe su sau 3 kafin ya dawo hannuna.